Lauje a Bakin Teku

A Agadas na gane cewa wayon da nake taƙama da shi a Jibiya bai ƙetaro iyaka tare da ni ba. Ina sauka daga motar Maraɗi wani saurayi mai baƙin tabarau ya tarbe ni kamar ɗan ɗakinsu, ya ce shi ne mai haɗa matafiya da direbobin Aljeriya. Ya kai ni wani gida mai ƙofar langalanga, ya karɓi kuɗin mota, ya ce in zauna bari ya sayo mini ruwa mai sanyi. Har yau yana can yana sayen ruwan.

A gidan nan na haɗu da Isuhu. Mutumin Maraɗi ne, siriri, furfura ta fara ratsa masa gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya same ni tsaye a rana ina leƙen hanya.

"Mai tabarau kake jira?" ya tambaye ni.

Na ce shi.

"To shigo inuwa, jiran nashi da tsawo. Ina ka hito?"

"Riko, ƙasar Jibiya. Sunana Lawwali."

"Ashe ɗan tsaron gida ne," in ji shi. "Mu ne Katsinawan asali. Mun koma Maraɗi mun bar muku gari ku tsare muna, ga shi ko aljihunka ba ka iya tsarewa."

Raina a ɓace yake, amma sai da na yi dariya. Daga ranar nake kiransa Yaya Isuhu, shi kuma bai sake kirana da sunana ba sai sau ɗaya, kuma zan zo wurin.

Abin da Inna ta ɗinke mini a ƙugun wando shi ya ƙarasa da ni. Isuhu ya kai ni wurin direban da ya sani, muka hau bayan akori-kura, ƙafafu a waje, kowa da sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. A tsakiyar hamada jarkata ta tsage, ruwan ya tsiyaye a kan taya ban sani ba. Isuhu bai yi mini faɗa ba. In ya kurɓa sai ya miƙo mini tasa, yana kallon wani gefe don kada in ji nauyi. A hanyar ne ya gaya mini wannan ba shi ne zuwansa na fari ba. Ya sha zuwa ya sha komawa, kuma ba a taɓa kama shi ba, abin da yake alfahari da shi ke nan.

"Dokar ƙasar ga guda ce," ya ce. "Kak ka yi abin da za a dube ka sau biyu. In an dube ka sau guda, baƙo ne anka gani. In an sake dubawa, takarda za a tambaya."

Takarda kuwa ba mu da ita, daga ni har shi.

A Tamanrasat muka ɗauki bulo har kafaɗata ta saɓule. Wani mai gini ya sa mu aiki mai yawa, ranar sallama ya ce bai san mu ba, in muna da magana mu je mu kira jandarma. Yara kan bi mu da jifa suna kiran wani suna da ban so in maimaita. A garin kuma akwai wata tsohuwa da takan ajiye mana burodi da man zaitun a kan katangarta, ta juya baya ta shige, ba mu taɓa ganin fuskarta da kyau ba. Da muka ɗan farfaɗo muka ci gaba arewa, mota bayan mota, har muka kai wani gari da iskarsa ke da ɗanɗanon gishiri. An ce teku na nan kusa, amma watanni suka wuce ban gan shi ba.

Can muka samu aiki wurin wani ɗan kwangila da kowa ke ce wa Ammi Sa'id, wato Baba Sa'idu a bakinsu. Ya san Isuhu tun zuwansa na baya. Mutum ne mai faɗa da baki, mai kirki da hannu. A cikin benen da muke ginawa muke kwana, daga gini sai masallaci, daga masallaci sai gini. A nan Isuhu ya sayi abin da ya kawo shi ƙasar: keken ɗinki, baƙi mai zanen furanni ruwan zinariya, na hannu ne amma lafiyayye. Ya lulluɓe shi da bargon da ya kamata ya rufa da shi. Duk Juma'a sai ya buɗe, ya ɗiga masa mai, ya juya ƙafar ya saurari ƙarar.

"Wagga tahiya ita ce ta ƙarshe," ya ce mini. "Bayan Layya za ni gida. Da ƙahwata za ni, ba cikin kamiyon gwamnati, motar kwasar korarru, ba. In sauka ƙohwar gida da keken matata Hadiza bisa kaina, maƙwabta su gani. Shekara da shekaru tana ɗinki da aron keke."

Layya na matsowa Ammi Sa'id ya sayo rago ya ɗaure a ƙasan benen. Ƙato ne, mai gashi kamar katifa, amma abincinsa busasshen burodi da wata tattaka mara rai. Ni na karɓi kula da shi ba tare da an sa ni ba. A gidanmu kiwon tumaki sana'ar Inna ce, ni kuma tun ban kai tsawon turmi ba lauje ke hannuna. Duk fadamar da ke tsakanin Riko da Gangara na san inda ciyawarta ta fi laushi. In na ga ragon nan yana tauna burodi sai in ji kamar ni aka zaga.

A kwanakin ne na yi waya da Inna. A gida bazara ce, ƙasa ta bushe ƙaƙas. Ta ce ba mai shiga daji yankan ciyawa saboda 'yan bindiga, harawa kuwa ta zama ta masu hali. Ta sayar da sauran, tunkiya ɗaya ta rage.

"Kwali take ci, Lawwali," ta ce. "In ta gan ni ta kama kuka, ni ko sai in shige ɗaka in saki labule."

Na san aikina ne na gudu na bari, na zo ina kiwon ragon wani.

Ranar wata Juma'a Ammi Sa'id ya ce zai kai iyalinsa shan iska bakin teku, yana son mu biyu mu ɗaukar masa tukunyar gas da tabarmi da laima. Isuhu ya so ya zame, ya ce wurin taro ba wurinmu ba ne. Ni na matsa masa. Na ce ya za a yi mutum ya yi ta zuwa ƙasa bai taɓa taka bakin tekunta ba, me zai gaya wa Hadiza? Ya girgiza kai, ya sa hularsa, muka hau bayan mota.

Hanya ta yi ta hawa tsakanin itatuwa, can sai ta buɗe. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba, kuma ba na jin zan sake. Tudu ne shimfiɗaɗɗe, kore shar, ya tafi har inda ƙasa ta yanke, ƙarƙashinsa yashi fari, bayan yashin ruwa har ƙarshen gani. Motoci jere. Ga Larabawa iyali iyali, ga Turawa da rana ta gasa sun yi jajur, ga amarya da ango ana ɗaukarsu hoto, ga masu ba da hayar doki, ga masu shayi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shanu ne kwance a kan yashi tsakanin mutane suna tuƙa. Na duba gabas na duba yamma ina neman makiyayin, babu. A garinmu ko akuya ba a bari haka.

Muka kafa laima, muka haɗa gas. Matar Ammi ta zubo mana kifi da burodi a faranti irin nasu, ba a na 'yan aiki ba. Na naɗe wando na shiga ruwan har gwiwa, igiyar ruwa ta buge ni na faɗi zaune, Isuhu ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ji daɗi ƙwarai. Ina cikin jin daɗin sai tunkiyar Inna ta faɗo mini a rai.

Na hau tudun na zauna ni kaɗai. Ciyawar ta kai mini gwiwa, ga laushi, ga tsawo, iska na kwantar da ita tana tashi. Mutane suna tattaka ta, suna kwanciya a kanta, suna ɗaukar hoto suna cewa kyau. Ni asara na gani. Ga abinci iya ganin ido ana zama a kansa, ga rago a gida yana cin burodi. Akwai wani allo a bakin hanya, da rubutun da ban iya karantawa ba da hoton hannu yana tsinkar fure an ja masa jan layi. Na gan shi sarai. Na ce a raina fure suka hana, ni me zan yi da fure? A Riko ciyawar da ba ta cikin gonar kowa ta wanda ya riga kai lauje ce, ba a neman izini.

A bayan motar Ammi akwai lauje da muke share filin gini da shi, da buhunan siminti wofi. Na ɗauko, na zaga bayan wasu duwatsu inda ƙasa ta ɗan yi kwari, na durƙusa. Kamun farko da na yi, na ji laujen ya ce ƙyat, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya bugi hancina, sai na manta ƙasar da nake. Na yi ta yanka ina turawa a buhu har ya cika ya yi tozo.

"Kai, ka haukace?"

Isuhu ne tsaye a kaina, yana magana ƙasa-ƙasa, idonsa na yawo.

"Na rago ne, Yaya. Dubi yadda ake ɓarnarta."

"Mi na ce maka tun hamada? Kawo laujen ga. Ɗauki buhun ka kai mota, ka tura ƙarƙashin tabarmi, ka dawo mu bar wajen ga."

Na miƙa masa, na saɓa buhun na bi ta bayan motoci. Na ɓoye shi yadda ya ce. Ban daɗe ba. Da na juyo na hango wata koriyar mota a kan ciyawar, inda ba a barin mota ta hau, da mutum uku masu kaki. Isuhu na tsakiyarsu, laujen a hannun ɗayansu, ga filin da na aske a fili kamar kan jariri ranar suna. Mutane sun taru, wasu sun ɗaga wayoyi. Daga baya na ji cewa duk tudun gwamnati ce ke tsaronsa, ko tsinke ba a cira, kuma wani ne ya hango ya kira su. Da ɗan ƙasa ne, tara za a ci shi ya tafi. Isuhu kuwa na ga sun miƙa masa hannu, na san abin da suke tambaya.

Na nufo su. Allah ya sani na nufo su. Isuhu ya hango ni ta gefen ido, bai juyo ba, ya ɗaga kai sama kamar mai addu'a, ya ɗaga murya da Hausa:

"Lawwali, wuce. Ba ka san ni ba. Wuce abinka."

Sai na wuce. Na ratsa ta bayan taron, na gangara yashi, na tsaya kusa da laima ina gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ya ce in wuce, gaskiya ne, amma ƙafafuna ba su yi gardama ko kaɗan ba, kuma wannan ne abin da na kasa yafe musu. Ammi Sa'id ya je ya yi ta magana yana ɗaga hannuwa, suka nuna shi da yatsa, ya ja baya. Ina kallo aka dafa kan Isuhu aka tura shi mota. Hularsa ta faɗi a kan ciyawa, ba wanda ya ɗauka.

Muka kwashe kaya muka kama hanyar komawa. Da muka isa Ammi ya ce mini, da ɗan Larabcin da nake tsinta, sun tambayi Isuhu ko da wani, ya ce shi kaɗai ne. Ammi ya ga buhun a ƙarƙashin tabarmi, ya dube ni, ya dubi buhun, ya shiga gida. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na zazzage ciyawar a gaban ragon. Ya sunsuna, ya yi atishawa, ya juya ya koma kan burodinsa. Na tura masa a baki ya kau da kai. Na tsinki ɗaya na tauna, na ji gishiri da ɗaci, iskar teku ta gama da ita. Haka ta bushe a wurin har na share ta da hannuna. Ranar Layya aka yanka shi, aka aiko mini da nama mai yawa. Na ci, ba zan yi ƙarya ba, kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kowa a cikinmu ya san inda ake kai waɗanda aka kama. Ana tara su, a loda a manyan motoci, a gangara da su kudu a sauke cikin hamada, a nuna musu hanyar Asamaka su taka da ƙafa. Daga kayan jikinsu ba sa tafiya da komai. Wayar Isuhu ta daina shiga, lambar Hadiza kuwa ban taɓa tambaya ba. Na ci gaba da aiki. Ina kwana kusa da keken, duk Juma'a in buɗe in ɗiga masa mai, amma ban taɓa juya ƙafar ba, ba na son jin ƙarar.

Da sanyi ya shigo na ce wa Ammi zan tafi. Ya taya ni kwance kan keken daga teburinsa, don teburin ba zai ɗauku ba, muka naɗe shi a bargon muka ɗaure da igiya. Ban san nauyin ƙarfe ba sai a tafiyar nan. Direbobi su ce kaya ne sai an biya masa wuri, in rungume shi a cinya in ce ɗana ne. A wani shinge kafin Arlit wasu masu bindiga suka fara sauke kayan mutane suna zaɓa. Wata mata 'yar Damagaram da ba mu taɓa magana ba ta jawo ƙunshin, ta zauna a kai, ta baza hijabinta, ta ce ƙugunta ke ciwo ba ta iya tashi. Ko sunanta ban samu ba.

A Maraɗi na yi ta tambaya har na gano unguwarsu. Wani mai shayi ya nuna mini gidan, ya ce Isuhu ya dawo tuntuni, amma ƙafa ta hana shi noma, yanzu yana can Magama, bakin iyakar Jibiya, yana sayar da abincin dabbobi. Ya ce in shiga in ba Hadiza saƙon. Na tsaya ina kallon ƙofar, na tuna wanda ya ce zai sauka a nan da keke bisa kansa. Na sake saɓa ƙunshina na koma tasha.

Na same shi a gindin wani dogon yaro, daura da inda manyan motoci ke layi, dammunan harawa da buhunan dusa a gabansa. Ya rame. Ƙafarsa ta hagu na cikin wani silifa da aka yanke wa gaba, yatsu biyu babu. Ya ce takalminsa ya tsinke a yashi, ƙafar ta ƙone ta ruɓe, a Asamaka aka yanke. Ya faɗe shi ne kamar labarin wani. Na ajiye ƙunshin a gabansa na durƙusa.

Ya kwance igiyar, ya ɗaga bargon, ya shafa furannin da yatsa. Ya juya ƙafar a hankali ya kara kunne.

"Ka riƙa sa mishi mai," ya ce.

"Duk Juma'a. Yaya, ka gafarce ni. Ni na matsa maka, ni na yanka, kuma na wuce na bar ka."

Ya mayar da bargon, ya dube ni.

"Ragon ya ci?"

Tun daga Arlit nake shirya amsoshi, amma ban shirya wa wannan ba. Na so in ce ya cinye tas har yana neman ƙari. Na dubi ƙafar.

"Bai ci ba. Gishiri gare ta."

Wata tirela ta zo ta wuce. Sannan ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ragon ya hi mu hankali," ya ce. "Ka san da ka tahi da buhun, jehwa laujen za ni yi cikin duwatsu. Sai na ji shi a hannu. Rabona da ɗanyar ciyawa na manta. Na ce bari in yi kamu guda. Duƙe sunka ishe ni, ɗan tsaron gida, ina yanka."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko sauƙi yake nema mini. Na sha juya maganar, har yau ban tsayar ba. Ko da gaskiya ce, ba shi ya ɗauko laujen daga mota ba.

Ya dafa itacen ya miƙe, ya naɗe rawaninsa ya yi gammo.

"Aza min."

"Bari in kai maka mota, Yaya, da nauyi."

"Na san nauyinshi, ni na saye shi. Aza min, ka zauna ka tsare min haja. Aikinku ne."

Na ɗaga na aza masa. Ya ɗan yi tangaɗi, ya gyara, ya nufi inda motocin Maraɗi ke lodi. Riko na bayana, tafiyar babur kaɗan, Inna ba ta ma san na shigo ƙasa ba. Na zauna a tsakiyar harawarsa ina kallonsa yana ratsa 'yan dako da masu canji, keke bisa kai, wuya a miƙe. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo tana jan ƙasa, tana barin layi a cikin turɓaya, ban ɗauke ido daga layin ba har ya shige tsakanin motoci.